Sharhi kan aikin masu yankan kankare: rage tsayin rawanin bene da zarto

Benen kasuwanci ne mai hawa uku a Kano, rufinsa dekin, an kewaye shi da rawani na zubin kankare, wato farafet, mai tsayin mita 1.5 da kaurin inci 6. Dalilin rage shi biyu ne. Ɓangaren kudu ya tsattsage har rodi ya fito da tsatsa, sannan ana son jera faifan sola a saman. A Kano cikin watan Disamba rana takan karkata kudu sosai, katanga mai tsayin mita 1.5 tana jefa inuwar da ta ɗara mita ɗaya ko da tsakar rana, da safe da yamma kuwa abin ya fi haka. Aka yanke shawarar cire santimita 90 a bar 60, a tsawon mita 48. Wani kamfanin masu yankan kankare ya karɓi aikin a kan farashin kowace mita, kuma ga yadda na ga aikinsu.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su yarda sun ɗora injin a katangar ba sai da injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi a Najeriya, ya duba ya sa hannu. Wannan ba tsirfa ba ce. A wasu gine-ginen ƙasan rawanin bim ne da aka juyo sama, shi ke ɗauke da gefen dekin, musamman inda dekin ya leƙo waje a kan baranda. Wanda ya yanke irin wannan ya yanke ƙashin bayan rufin, kuma ba lallai ne ya faɗi ranar ba, sai daga baya a ga dekin yana lotsawa yana tsagewa. Sun bi katangar da na'urar gano rodi, suka fasa filasta a wurare kaɗan don su gani da ido. Aka samu rodi mai kaurin milimita 10 a tsaye da a kwance, babu manyan rodi a sama, babu zobban bim, don haka katanga ce kawai. A wannan binciken ne kuma aka gano bututun wayar fitilun waje a cikin kankaren, da jan ƙarfen kariyar tsawa a bisa kan katangar. Aka kashe wuta aka kwance su tukuna. Batun izini kuwa na mai gini ne: sauya fuskar ginin kasuwanci abu ne da ake tuntuɓar hukumar tsara birni a kansa, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna.

Mutane da yawa za su ce me ya sa ba a kira leburori da guduma ko injin fasa kankare ba, tunda sun fi araha nesa ba kusa ba. Amsar tana cikin abin da ake son bari. Idan rage tsayi za a yi, santimita 60 na ƙasa su ne dukiyar. Girgizar injin fasawa tana bin rodi ta gangara, ta raba shi da kankaren da ke riƙe da shi, ta buɗe ƙananan tsagu a mahaɗar katanga da dekin, daidai inda ruwan sama yake kwanciya. Ga kuma ɓaraguzai masu faɗawa titi daga hawa na uku. Zarto ba ya girgiza gini, kuma yana barin baki a miƙe. A nan kuɗin da aka ƙara bai tafi a banza ba.

Injina biyu suka zo da su, duka masu amfani da fetur da ake gauraya wa man inji. Na farko mai faifan lu'ulu'u ne na inci 14, zurfin yankansa bai wuce milimita 125 ba. Katangar kuwa milimita 150 ce, ban da filasta ciki da waje, ke nan ba zai ratsa ta daga gefe ɗaya ba. Wannan ne ke kayar da ƙananan masu aiki: sai su yanka iya inda faifai ya kai, su ƙarasa da guduma, bakin waje ya ɓalle ya zubo ƙasa. Waɗannan sun zo da na biyu mai faifan zobe, irin Husqvarna K 970 Ring, wanda ke shiga har milimita 270. Su fara buɗe hanya da na farko, su ƙarasa da mai zoben, saboda zoben yana da tsada kuma yana saurin cinyewa. Da haka aka yi dukan yankan daga cikin rufi.

Lissafin nauyi shi ne inda na fi gamsuwa da su. Kankare yana da nauyin kusan kilo 2,400 a kowace mita kubik, don haka kowace mita ɗaya ta abin da za a cire kilo 324 ce, jimilla ya haura tan 15. Sun raba shi hawa biyu, kowane gutsure faɗin santimita 50 tsayin 45, kimanin kilo 80. Kafin a taɓa gutsure sai an huda shi an zura ƙarfe mai zobe, an ɗaure da sarƙa zuwa ciki. Yankan tsaye ake fara yi, na kwance ya zo ƙarshe, ana cusa ƙananan ƙarafa a cikin tsagin don kada nauyin ya danne faifan. Faifan da ya maƙale yakan sa injin ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi, kuma hakan yana jawo munanan raunuka a wannan sana'a. Gutsuren yana rabuwa a kwantar da shi ciki a kan katako. Ba su tara su a wuri ɗaya ba, domin rufin da ake hawa yawanci an lissafa masa kimanin kilo 150 ne a kowace murabba'in mita, gutsure biyu kacal sun kai wannan. Ana cirewa ana saukarwa da kura zuwa inda tifa za ta kwasa. A ƙasa an killace gaban shagunan, aka sa mutum yana tsare hanya, aka kuma rataya raga a wajen katangar saboda ɓawon filasta.

Da ruwa suka yi yankan gaba ɗaya. Ruwan yana sanyaya faifan, yana kuma kashe ƙura, ita kuwa ƙurar kankare tana ɗauke da silika mai lalata huhu, cutar da ba ta da magani idan ta kama. Ma'aikatan suna da abin toshe kunne da tabarau da igiyar ɗaure ƙugu, kuma na ga suna amfani da su.

Sai dai ruwan nan shi ya kawo matsala ta farko. Tabon da ke fita daga yanka siminti ne narkakke, idan ya kwana sai ya daskare. Sun toshe bakin magudanai da buhunan yashi, amma ba su zo da injin zuƙe tabon ba, sai tsintsiya da shebur. Wani ya silale ya shiga bututu ɗaya mai inci 4 ya toshe gwiwarsa, dole aka yanke aka sake. Wani kuma ya bi bangon waje ya bar farin zane a kan fenti da gilashin taga, kuma irin wannan tabon yana cin gilashi da alminiyom idan ba a wanke nan take ba. A kusurwa guda mai yankan ya zarce layi da kusan santimita 5, domin faifai zagaye ne, sai ya wuce a fuska kafin ya kai zurfi. Huda rami a kusurwar tun farko da ya hana haka.

Babban abin da bai yi mini ba shi ne yadda suka ɗauki aikin ya ƙare da faɗuwar gutsure na ƙarshe. Sun bar bakin kowane rodi a buɗe, daidai da fuskar yanka. Rodin da ruwa ya samu zai yi tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta ninka girman ƙarfen, ta fasa kankaren daga ciki. Ciwon da ya sa aka yanke katangar ke nan, an sake shuka shi a sabon wuri. Da aka yi magana sai suka nuna takardar yarjejeniya, kuma gaskiyarsu, yanka da kwashewa kawai aka rubuta. Amma ƙwararre ya kamata ya faɗa wa mai gini wannan tun ranar ciniki.

Gyaran da ya biyo baya, wanda wasu magina daban suka yi, shi ne wannan. A tone kewayen kowane rodi zurfin milimita 25 zuwa 30, a datse shi a can ciki, a goge, a shafa masa fentin hana tsatsa mai sinadarin zinc, a cike ramin da kwaɓin gyara mai SBR, wato ruwan roba da ke sa siminti ya kama sosai. Sannan a karce fuskar yankan, domin zarto yana barin ta sumul, sabon zubi ba ya kama ta. A zuba hular kankare a kan katangar, mai kaurin milimita 75, wadda ta leƙo milimita 40 zuwa 50 kowane gefe, da ɗan tsagi a ƙarƙashinta don ruwa ya ɗiga maimakon ya bi bango, a karkata ta zuwa cikin rufi. A bar mahaɗa duk bayan kamar mita 3. Da hunturu iska tana busar da sabon zubi kafin ya yi ƙarfi, don haka a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu har kwana 7.

Shimfiɗar kwaltar hana yoyo ma ta sha wuya da jan gutsure da takun ma'aikata, duk da katakon da aka shimfiɗa. An sake ta a gefe gefe: a yi ɗan gangare na siminti a kusurwar katanga da dekin, a shafa faramar kwalta, wato shafin farko, a ɗaga shimfiɗar sama aƙalla milimita 150, a cusa bakinta cikin tsagi a liƙe. Bayan nan aka toshe magudanai aka tara ruwa mai zurfin santimita 5 na kwana biyu ana duba silin na ƙasa. Wannan gwajin shi ya sa lokacin aikin nan rani ne, tsakanin Nuwamba da Maris. Wanda ya buɗe gefen dekin a watan Agusta, 'yan hayar hawan ƙarshe ne za su biya da kayansu.

Katanga mai santimita 60 ba ta tare mutum, kuma mai wanke sola zai riƙa hawa. An kafa shingen ƙarfe ya kai tsayin mita 1.1 daga dekin, aka ɗaure ƙafafunsa a fuskar ciki ta katangar da kusoshi masu gam, ba a huda hular ba. Haka nan rawanin da aka rage shi ne a da yake kare rufin daga guguwar farkon damina, saboda haka ƙafafun solar suna bukatar ɗauri ko nauyi fiye da yadda aka saba.

A wajen yanka da kiyaye rai zan sake kiran su ba tare da shakka ba. Amma wanda zai ba su aiki ya rubuta a yarjejeniya wa zai zuƙe tabo ya wanke bango, wa zai rufe bakin rodi, wa zai zuba hula ya gyara kwalta, ya kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai an gama gwajin ruwa.