Sharhi kan ruwan rainon ƙwayoyin jijiyar jini: yana girmar da su, amma yana danne kumburi

Kayan kashi biyu yake zuwa: kwalbar ruwan raino mai mililita 500, da ƙananan kwalabe daskararru da ake juyewa a ciki. A cikinsu akwai sinadaran girma huɗu, VEGF da FGF-2 da EGF da IGF-1, sai hefarin, bitamin C, haidurokotizon (maganin rage kumburi), da siram (ruwan jini) na ɗan tayin saniya kashi 2 cikin ɗari. An yi shi ne don ƙwayoyin da suka lulluɓe cikin jijiyar jini, irin HUVEC da ake cirowa daga igiyar cibiya.

Wajen girmar da ƙwayoyi ba mu da ƙorafi. In aka shafe filas ɗin rainon ƙwayoyi da jelatin kashi 0.1, aka zuba ƙwayoyi kamar 5,000 a kowane murabba'in santimita, aka ajiye a zafin digiri 37 da CO2 kashi 5, cikin mako guda sun cika wurin. Bayan an haɗa, a ajiye a firiji a digiri 4, a ƙarar da shi cikin wata ɗaya. A riƙa ɗiban na buƙata ana ɗumamawa, don yawan ɗumama kwalbar duka yana lalata FGF-2.

Matsalar tana fitowa ne ga mai binciken kumburi. VEGF da kansa, tun 1983 da Senger da Dvorak suka gano shi, an san yana sa jijiya yoyo: ya kama VEGFR2, furotin da ke karɓar saƙonsa a jikin ƙwaya, cikin mintuna ya sassauta VE-cadherin da ke ɗinke ƙwaya da ƙwaya. Amma idan ƙwayoyi suka kwana suka tashi cikin FGF-2 da VEGF, sai su yi sanyi. In ka zuba TNF-α, sinadarin da ke tayar da kumburi, to furotin ICAM-1 da VCAM-1 da fararen ƙwayoyin jini ke maƙalewa a kai ba za su tashi yadda ya kamata ba. Haidurokotizon kuma ya ƙara danne NF-κB, hanyar da saƙon kumburin ke bi. Sai mutum ya ɗauka maganin da yake gwadawa ne ya yi aiki, alhali ruwan ne.

Gyaran mai sauƙi ne. A haɗa kwalba ta biyu ba haidurokotizon. Kafin gwaji a wanke ƙwayoyi sau biyu, a sa su a tsuran ruwan da siram kashi 0.5 na awa 4 zuwa 6. Kada a bar su su kwana haka, HUVEC ba sa jure yunwa, za su fara ɓallewa. Sannan a zuba TNF-α nanogiram 10 a kowace mililita. E-selectin, wani furotin da fararen ƙwayoyin jini ke maƙalewa a kai, na kai ƙololuwa tsakanin awa 4 da 6, ICAM-1 kuwa a auna shi wajen awa 24. A tsaya kan ƙwayoyin da ba a dasa a sabon filas fiye da sau 6 ba, kuma a taƙaita tiripsin, sinadarin da ke ɓamɓare su daga filas, wajen ɗaga su, don yana yanke furotin ɗin da ake son aunawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne kamfanin da ya yi ruwan bai rubuta yawan kowane sinadari a jikin kwalba ba. Wanda VEGF ne abin bincikensa, gara ya ajiye ƙaramar kwalbar VEGF ɗin gefe, ya sayi nasa tsantsa ya auna nanogiram 50 a mililita da hannunsa.