Pontiac Vibe bayan shekara shida a hannuna

Ranar da na kai motar gareji karo na farko, bakaniken ya ɗaga bonet, ya leƙa injin, ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai wannan Corolla ce ta sa rigar Amurka." Gaskiya ya faɗa, domin Pontiac Vibe ƙirar 2005 da na saya daga cikin motocin Kwatano tana ɗauke da injin Toyota mai lita 1.8, wanda ake kira 1ZZ-FE, kuma tagwaye suke da Toyota Matrix, in ban da fuska da fitilu da tambari.

A aikin yau da kullum ba ta ba ni kunya ba. Ba ta shan mai kamar manyan motocin Amurka, kujerun baya suna kwantawa su zama shimfiɗa ɗaya mai dandaɓen roba, ta yadda buhunan shinkafa ko jarkokin manja ba sa ɓata ta, kuma gilashin baya yana buɗewa shi kaɗai ba sai an ɗaga ƙofar but ba. Akwai ma soket na volt 115 a gaban mota, wanda ya dace da wutar Amurka, mu kuwa cajar waya kawai yake mana. Duk abin da ya shafi inji, giya ko burki, idan ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce na Corolla ko Matrix kake nema, za a miƙo maka. Wahalar tana wurin kayan jiki, irin su bamba da fitilar gaba, saboda an daina sunan Pontiac tun 2010, sai dai a jira na mota da aka farfasa. Tana kuma da ƙara a ciki idan an hau babbar hanya.

Abin da ya sa nake ganin motar ta cancanci a yi magana a kanta shi ne inda aka ƙera ta. Masana'antar tana Fremont a jihar Kalifoniya, kuma General Motors, kamfanin da ya mallaki Pontiac, ta rufe ta a 1982 bayan ta yi ƙaurin suna da fashin aiki da motoci masu lahani. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, aka dawo da yawancin ma'aikatan nan da ake zargi da lalaci, aka tura wasunsu Japan su koyi aiki, aka kuma ba kowane lebura ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa motoci idan ya ga kuskure, abin da a da ba a yarda da shi ba. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin wurin ya kusa kamo na Japan. Ashe laifin ba na hannun da ke ɗaure kusa ba ne, na masu ba da umarni ne.

Shugabannin General Motors sun ga wannan da idonsu, amma a zamanin Roger Smith, shugaban kamfanin a lokacin, sun gwammace su zuba biliyoyin daloli a kan na'urori masu sarrafa kansu, kuma an ɗauki shekaru masu yawa kafin darasin Fremont ya isa sauran masana'antunsu. A 2008 Toyota ta wuce su a yawan sayar da motoci a duniya, a watan Yunin 2009 suka bayyana karyewa, gwamnatin Amurka ta cece su da kusan dala biliyan 50, suka janye daga NUMMI, aka daina ƙera Vibe. A 2010 aka rufe masana'antar, Tesla ta saye ta.

Wanda zai saya ya binciki lambar jikin motar, domin Vibe na waɗannan shekarun suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye don gyara saboda lahanin jakar iska ta kamfanin Takata, ya kuma riƙa duba baƙin mai, tunda an san tsofaffin 1ZZ da shan sa. Ni dai na same ta ƙasa da kuɗin Matrix, don kawai dillalin ya ga masu saye suna tsoron tambarin.