Sharhi kan sabuwar kujerar inji da aka yi wa Land Cruiser ɗina a Kano

Duk wanda zai ɗora wa motar rairayi injin da ba irin nata ba, ya ware kuɗin mai walda tun kafin ya biya kuɗin injin. Ra'ayina ke nan bayan an ɗora wa a-kori-kurata injin 1HZ a wani gareji da ke wajen Ƙofar Ruwa a Kano, na kuma yi rani da damina ina aiki da ita tsakanin Nguru, Machina da Yusufari. Aikin ya gamsar da ni ƙwarai. Akwai inda raina bai so ba, shi ma zan faɗa.

Motar BJ75 ce, cikin jerin 70 da Toyota ta fara fitarwa a 1984. Asalin injinta 3B ne, silinda huɗu, lita 3.4, mai shan gas. Inji ne mai haƙuri, amma in ka loda buhunan kanwa ka fuskanci tudun rairayi, sai ka ji numfashinsa ya ƙare tun ba a kai rabi ba. Shi kuwa 1HZ, wanda ya fito a 1990, silinda shida gare shi a jere, lita 4.2, famfon gas ɗinsa babu ruwansa da kwamfuta, kuma daga Gashuwa har Agadas da wuya ka rasa bakaniken da ya san cikinsa. Na saye shi Beljiyam, haɗe da giyabos ɗinsa da ogzilari, wato akwatin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya. Matsalar ita ce ya fi 3B tsawo da nauyi, ƙafafunsa kuma ba sa sauka inda tsohuwar kujera, wato ƙarfen da inji ke zama a kansa, take a jikin shasi. Dole a yanke ta, a ƙera sabuwa.

Wani mai walda da na fara tambaya ya ce in kawo da safe in ɗauka da la'asar. Dattijon da na bai wa aikin ya nemi kusan ninkin kuɗin wancan, ya kuma ƙi yi mini alkawarin rana. Da na nemi ragi sai ya ce, "Alhaji, waldar ba ta kai awa biyu ba. Awon za ka biya." A lokacin na ɗauka maganar ciniki ce. Da na zauna na kalli aikin, na ga gaskiyarsa.

Bai ɗage motar a kan jak ba. Ya sa an tura ta kan siminti mai shafe, tana tsaye a kan tayoyinta, ya kuma sa yaransa suka jefa buhunan yashi a baya don sifirin ya zauna kamar yadda yake zama a bakin aiki. Sannan aka sauko da injin da cen-bulok, giyabos na manne da shi, aka bar shi yana reto a cikin bonet. Daga baya ya fara, ba daga gaba ba: sai da ya zaunar da giyabos a kan ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashinsa, ya tabbata sandar giya ta fito ta raminta ba tare da an yanka bodi ba, kuma farfela ta gaba da ta baya, wato sandunan da ke kai juyi daga ogzilari zuwa aksul, za su kama ba a ja su ba, ba a matse su ba.

Inda ya fi daɗewa shi ne karkatar inji. Inji ba ya zama a miƙe sak, bayansa na ɗan sunkuyawa ƙasa, yawanci wajen digiri 3. Dalili kuwa shi ne kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke kowane bakinta. Kuros guda in yana juyawa a karkace, gudunsa ba ya zama ɗaya, yana ƙaruwa yana raguwa sau biyu a kowane zagaye. Kuros na biyun ne ke goge wannan, amma sai in fuskar da farfela ke kamawa a ogzilari da wadda take kamawa a aksul suna kallon juna daidai, bambancinsu bai wuce digiri ɗaya ba. In aka kuskure nan, mota za ta riƙa karkarwa da zarar ta ɗauki gudu, kuros ya dinga ci, mai ita yana ta sauyawa yana zagin masu kayan gyara alhali laifin na kujera ne. Dattijon ya auna da ma'aunin ruwa irin na magina, babban yaronsa kuma ya sake aunawa da manhajar waya. Sai da biyun suka zo ɗaya ya yarda.

Daga nan ya koma ƙasa. A wannan mota tulun aksul ba a tsakiya yake ba, yana gefen dama, kuma kaskon man inji a samansa yake rataye. Tazarar da kake gani mota na tsaye ba ita ce abin dubawa ba. Ya auna nisan da ke tsakanin aksul da robar da ke tare shi in mota ta faɗa rami, sannan ya tabbata tazarar kasko ta fi wannan da yatsu biyu ko uku, tunda ita ma robar tana matsewa in bugun ya yi ƙarfi. Na taɓa ganin motar da aksul ya huda mata kasko a daji, mai ya tsiyaye cikin rairayi, inji ya kama. Don haka da na ga ya kwanta a ƙasa da tef a hannu, hankalina ya kwanta. Ya duba fanka da lagireto, ya duba akwatin sitiyari, ya duba inda bututun salansa zai bi, ya sa aka rufe bonet aka buɗe. A ƙarshe ya ɗaga injin sama da inda yake so da kamar milimita 5, saboda sabuwar roba tana zama in nauyi ya hau ta.

Siffar kujerar a kwali ya fara yankawa, ya gwada, ya rage, sannan ya zana a kan filet mai kaurin milimita 6. Abin da ya fi burge ni shi ne bai manna ta kai tsaye a jikin shasi ba. Ya fara liƙa wani filet mai tsini gaba da baya, bakinsa a goge, sannan kujerar ta hau kansa. Shasin motar daji murɗewa yake yi kullum, in taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa kwari. Layin walda da ya tsaya a miƙe daga saman shasi zuwa ƙasansa ya zama layin tsagewa, domin duk wahalar a nan take taruwa. Filet mai tsini yana baza ta. Leɓen shasi na sama da na ƙasa ko kusa da su bai je da wuta ba. Gefen hagu ya ƙara wa haƙarƙari, ya ce in inji ya yunƙura, musamman a ƙaramar giyar ogzilari, hagu yake ɗagawa ya danne dama, shi ya sa robar gefen direba ke riga yagewa.

Ɗigo-ɗigo ya fara yi, ya sassauta cen-bulok inji ya zauna da nauyinsa, ya sake bin duk awon nan daga farko. Bayan haka aka fitar da injin gaba ɗaya, aka cire robobi, aka cire kan batir, aka janye bututun gas da na birki, ya kama wayar as ɗinsa dab da inda yake aiki don kada wuta ta bi ta cikin boris. Tsinken 7018 ya yi amfani da shi, ba 6013 ɗin da ake haɗa ƙofa da taga da shi ba, kuma a rufaffen gwangwani yake ajiye shi domin 7018 ba ya son laima. Yana yin kaɗan a hagu ya koma dama, don kada zafi ya ja shasin gefe guda. Wani yaro ya ɗauko ruwa zai watsa, dattijon ya daka masa tsawa. Ƙarfen da kansa ya huce.

To, ga abin da ban ji daɗinsa ba. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda awon ya buƙata, saboda ƙaramin janaretansa ba ya riƙe 7018, sai an jira wuta. Mai garejin da ke karɓar irin wannan aiki ya kamata ya tanadi janaretan da zai ɗauke shi. Robar injin sit, wato wadda ke tsakanin inji da kujera, da yaronsa ya sayo kuma jabu ce. Ba a daɗe ba ta lotsa, fanka ta fara gogar murfinta. Da na koma bai yi musu ba, ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan laifinmu ne," ya sauya da ta asali, kuɗin robar kawai na biya. Amma hanyar Nguru zuwa Kano ba kusa ba ce, kuma shi ya kamata ya duba abin da aka kawo masa kafin ya ɗaura. Wajen sauyawar ne muka gano haƙarƙarin hagu ya rufe wa notin ƙasa hanya, sifana ba ta shiga sai da aka faɗaɗa ramin da giranda. Mutumin da ya auna komai bai auna hannun bakaniken da zai zo bayansa ba. Fentin ma shafa ɗaya ne, damina ɗaya tsatsa ta fito a lungu, sai da na sa aka kankare aka sake.

Waldar ita kanta ba ta motsa ba. Duk sanda zan sauya mai, nakan wanke wurin in haska da tocila in bi bakin filet ɗin, ban ga ko siririn tsagu ba. Motar ba ta karkarwa a kwalta, sandar giya ba ta tsalle a gargada, kuros ɗin da aka sa ranar har yanzu su ne a jiki, kasko kuma babu tabon aksul ko ɗaya duk da ramukan hanyar Yusufari.

Zan sake kai masa aiki, na kuma riga na tura wani abokin sana'ata da ke son yin irin wannan sauyi. Na gaya masa ya sayi robar asali da kansa ya tafi da ita, ya nemi a gwada sifana a kan kowane noti kafin a rufe walda, kuma ya biya kuɗin jan fenti na hana tsatsa daban, a shafa kafin injin ya koma.