Ashe miki ba bushewa yake so ba

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni abin da ya fi ba ni mamaki tun da na kama aikin jinya a Ingila. Na ga manyan na'urori, amma wallahi wankin miki ne ya fi tsaya mini a rai.

Ka tuna ƙafar Baba, Allah ya jiƙansa. Kullum da safe auduga ta manne a gyambon, a jiƙa, a ja, jini ya biyo baya, shi kuwa ya cije leɓe don kada mu ji nishinsa. Kowa cewa yake a bar shi ya sha iska ya bushe. Sai da na zo nan na gane cewa duk jan da aka yi, sabuwar tsokar da ta fara tohowa ake kwashewa. Har yau abin yana ci mini rai.

A nan, busasshen miki mai mataccen nama haidirojel ake sa masa. Wani jeli ne garau, galibinsa ruwa, wani ma ya kai kashi 90 cikin 100, sai dai zaruruwan sinadari sun sarƙe kamar raga sun riƙe ruwan. Akwai na matsawa, irin Intrasite na kamfanin Smith & Nephew, akwai na falle da ake shimfiɗawa. Yana ba mikin danshi, mataccen naman ya yi laushi, jiki da kansa ya narkar da shi. Ba ya mannewa. Mai ƙuna yana jin sanyinsa, raɗaɗi ya lafa. Na fallen ma ana hango mikin ta cikinsa, ba sai an ɓare ba.

Ilimin kuwa ba na jiya ba ne. A 1960 Otto Wichterle da Drahoslav Lim suka bayyana irin wannan jeli a birnin Prague, shi ne ya zama ɗan gilashin nan mai taushi da ake ɗora wa ƙwayar ido. A 1962 George Winter ya gwada a jikin aladu, ya ga raunin da aka rufe da leda yana yin sabuwar fata da sauri, kusan ninki biyu na wanda aka bari a buɗe. Daga baya, a shekarun 1980, Janusz Rosiak na ƙasar Foland ya fito da dabarar haska jelin da tiririn radiyeshan, ya ɗaure kuma ƙwayoyin cuta su mutu a lokaci guda. Yanzu masana na ta gwada haɗa shi daga ciyawar teku da ɓawon jatan lande, wasu su zuba azurfa don kashe ƙwayoyin cuta, wasu na neman wanda zai sauya launi da zarar miki ya fara ruɓa.

Amma kada ka ɗauka kowane miki yake yi wa. Wanda ke tsiyayar ruwa da yawa, jelin jiƙe gefen fatar zai yi har ta saɓule. Yatsan mai ciwon suga da ya yi baƙi don jini ba ya isa, ba a sa masa sam. Shi ya sa aikin mutanen ya fi burge ni fiye da kayan. Akwai nas da miki kaɗai ta ƙware a kai. Za ta auna tsawo da faɗi, ta ɗauki hoto, ta duba gudun jini a ƙafar kafin ta zaɓi abin rufewa. Tsohon da ba ya iya fita, har gida ake bin sa. Ma'aikatanmu na gida ba hazaƙa suka rasa ba, kaya da lokaci suka rasa.

Game da ƙafar Inna, don Allah a daina zuba sifirit a cikin mikin. A wanke da ruwan gishirin asibiti, a jiƙa bandejin sosai kafin a cire. Ka sa likita ya duba ko jini na isa ƙafar, sannan ka turo mini hoto kafin in aiko da jelin.