Sharhi a Kan Akwatin Madubi na Koyon Zanen Anamofosis

Anamofosis zane ne da aka murɗe da gangan, wanda ba ya fitowa daidai sai an dube shi ta madubi ko daga wani gefe. Akwatin yana ɗauke da madubi mai siffar gwangwani, da katunan zane, da takardun da aka ja wa layuka, sai ɗan littafin bayani. Wanda ya dubi kati kai tsaye ba zai ga komai ba sai launuka da suka miƙe suka lanƙwashe, amma da zarar ya ɗora madubin a kan da'irar da ke jikin katin, sai kan doki ya bayyana sarai, ido da kunne kowanne a muhallinsa.

A ganina takardun layukan su ne suka fi komai daraja. Yaro zai yi zanensa a cikin gidaje masu kusurwa huɗu, sannan ya kwashe abin da ke kowane gida zuwa takwaransa a takardar da layukanta suka zagaye, har ya gane da hannunsa cewa murɗewar tana bin ƙa'ida. Littafin ya yi daidai da ya kawo zanen da Hans Holbein ya yi a 1533 na jakadun Faransa biyu, wanda ke gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan, inda wani dogon abu da ke gicciye a ƙasa yake komawa ƙoƙon kan mutum idan aka dube shi daga gefen dama. Wannan nau'in ba ya buƙatar madubi, wurin tsayawar mai kallo kawai yake nema, kuma dabarar ce ake bi wajen tsawaita rubutun kan kwalta domin direba ya iya karantawa daga nesa.

Inda littafin ya gaza shi ne ɓangaren ilimin halittu. Ya ambata a layi ɗaya cewa ana kiran sauyawar siffar halitta sannu a hankali da wannan suna na anamofosis, bai ba da misali ba, alhali ƙadandoniya ta isa misali: tana ƙyanƙyashewa da gaɓoɓi kaɗan, galibi da ƙafafu shida, kuma tana ƙara gaɓoɓi da ƙafafu yayin da take saɓa. Hoto ɗaya na matakan girmanta da ya wadatar.

Madubin na roba ne, yana saurin karcewa, don haka malamin da zai raba shi ga aji ya tanadi ƙyalle mai laushi na goge shi da naɗe shi.