WIPO, Kotu ko Sulhu: Zaɓin Wanda Aka Yi wa Da'awar Sunan Shafinsa

Wanda ya yi rajistar sunan shafin intanet, ya yi shekaru yana ciniki da shi, sai ga wasiƙar lauyan wani kamfani cewa sunan ya ci karo da tambarin kasuwancinsu, ya kamata ya san hanyoyin da ke gabansa tun kafin ya mayar da amsa.

Rikicin sunayen da ke ƙarewa da .com yawanci ana warware shi ta tsarin UDRP, wato hanyar yanke hukunci a kan rikicin sunaye ba tare da zuwa kotu ba, wanda ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta kafa a 1999, cibiyar WIPO (hukumar kare haƙƙin fasaha ta duniya) da ke Janiba kuma ita ta fi karɓar ƙararrakin. Mai ƙara ne ke biyan dala 1,500 idan mutum ɗaya zai yanke hukunci, kuma wajibi ne ya tabbatar da abu uku a haɗe: sunan ya yi kama da tambarinsa, mai sunan ba shi da halastaccen haƙƙi a kansa, sannan an yi rajistarsa ana kuma amfani da shi da mugun nufi. Kwana 20 kacal ake ba wanda ake ƙara ya kare kansa. A ganina nan ne ake tafka asara, domin mutum yana da tsofaffin rasitai, da takardar rajistar kasuwanci, har da hoton allon shagonsa ɗauke da sunan, amma ya yi shiru lokaci ya wuce. Iyakacin hukunci a nan shi ne a karɓe sunan ko a soke shi. Ba a biyan diyya.

Kotu ta fi tsada da jan lokaci, hatsarinta ma ya fi yawa. Ga wanda aka samu ya riƙe sunan wani da mugun nufi, a Amurka wata doka ta 1999 ta halatta diyyar dala 1,000 zuwa 100,000 a kan kowane suna, a Najeriya kuwa dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Amfanin kotu ga wanda ya sha kaye a UDRP shi ne yana da kwanakin aiki 10 ya shigar da ƙara, a dakatar da miƙa sunan.

Sulhu ya fi sauƙi, amma kada mai sunan ya yi gaggawar yanka farashi mai tsoka da kansa, domin ana iya kafa hujja da wasiƙarsa cewa dama don sayarwa ya riƙe sunan. Lauya ya kamata ya yi wannan magana, kuma kafin a biya shi a tambaye shi ko ya taɓa kare wani a ƙarar UDRP.