Hattara da dillalan da ke alkawarin kai yara Amurka buga ƙwallon kwando

Iyayen yaran da ke buga ƙwallon kwando a Zariya, Kaduna, Kano da Jos, don Allah a buɗe ido. Akwai masu zagaya filayen atisaye, wasu kuma ta WhatsApp da Instagram, suna kiran kansu wakilan jami'o'in Amurka. Da sun hango dogon yaro ɗan shekara 15 ko 16, sai su ce wani koci ya ga bidiyonsa, an ba shi gurbin karatu kyauta, saura kuɗin fom da na biza da na "riƙe gurbi". Kuma a biya cikin makon nan, kada a ba wani. Sai ga takarda mai tambarin makaranta, amma adireshin imel ɗin na Gmail ne, asusun bankin kuma na mutum ɗaya ne.

Ba haka ake ɗaukar ɗan wasa ba. A Amurkar kanta, samari sama da 500,000 ne ke buga ƙwallon kwando a sakandare, kuma kusan ɗaya cikin ɗari ne kawai ke kaiwa rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i. Rukuni na uku ma ba ya bayar da tallafin karatu don wasa sam. Wanda zai buga a rukunin farko ko na biyu sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, a duba sakamakon karatunsa. Kocin gaskiya da imel ɗin jami'a mai ƙarewa da .edu yake rubutu, sunansa na shafin jami'ar, kuma ba ya karɓar ko sisi daga iyaye.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaran da suka tafi da gaske. A birnin Charlotte na jihar North Carolina, wata mai makaranta, Evelyn Mack, ta amsa laifi a kotun tarayya a 2018. Tana bayar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, tana karɓar kusan dala 1,000 kan kowane yaro, har yara wajen 75, da yawansu 'yan Afirka masu ƙananan shekaru. A takarda ɗalibanta ne, a zahiri masu farautar 'yan wasa ne ke kwashe su zuwa wasu wurare. An yanke mata ɗaurin wata 18. Ku ƙiyasta halin yaron da ke can ba dangin iya ba na baba, fasfonsa a hannun wani, ba ya shiga aji, bizarsa ta lalace, ga kunyar faɗa wa mahaifin da ya sayar da gona don tafiyar.

Wani dillalin har rage wa yaro shekaru yake yi a fasfo. Kada a yarda, ranar da asiri ya tonu yaron ne zai kwana a ciki.

Hanyoyin gaskiya suna nan. Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors wanda ya tashi a Zariya, ya kafa Giants of Africa, gidauniyar horar da matasan Afirka ƙwallon kwando, tun 2003, NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma ta buɗe makarantar horar da matasa a Saly ta ƙasar Senegal. Ofishin EducationUSA a Abuja da Legas yana ba da shawara kan karatu a Amurka. Kafin kuɗi ya fita, a nemi sunan makarantar a shafin Study in the States na gwamnatin Amurka, a kira lambar da ke shafin makarantar, ba wadda dillali ya bayar ba, a tambayi inda yaro zai kwana da wanda zai riƙe shi. Biza kuwa jami'in ofishin jakadanci ne kaɗai ke bayarwa, duk wanda ya ce ya tabbatar muku da ita ƙarya yake yi.

Wanda ya riga ya biya, kada ya ƙara ko kobo ko da an ce saura kaɗan. Ya adana rasit da saƙonnin WhatsApp, ya sanar da bankinsa, ya kai ƙara EFCC, sannan ya gaya wa kocin unguwarsu saboda sauran yaran da ke filin.